Masu cewa sun leƙa Gidan Wuta sun dawo, da yadda Kiristanci ke auna labarinsu

Fafaroma Gregori na Farko, wanda ya riƙe kujerar Roma daga 590 zuwa 604, ya rubuta labarin wani babban mutum mai suna Istifanus da ya je Konstantinoful, Istanbul ta yau, kan wata harka, ciwo ya kama shi a can ya cika. A ranar an nemi mai gyaran gawa an rasa, sai aka bar shi ya kwana ba a binne ba. Cikin daren, in ji Istifanus da bakinsa, aka gangara da shi lahira, ya ga abubuwan da ya sha ji a wa'azi bai taɓa gaskatawa ba. Da aka gurfanar da shi, alƙali ya dube shi ya ce ba wannan ya aika a kawo ba, Istifanus maƙeri yake nufi. Nan take aka mayar da shi jikinsa, maƙerin da ke makwabtaka da shi kuma ya mutu a wannan sa'ar. Gregori bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa duk da abin da Istifanus ya gano, bai gyara halinsa sosai ba: hannunsa a buɗe yake wajen sadaka, amma bai rabu da bin sha'awa ba har annoba ta zo ta ɗauke shi.

Fiye da shekara 1,400 ke nan, irin labarin bai tsufa ba. Wani zai miƙe a majami'a lokacin ba da shaida, ko ya zauna gaban kyamara a YouTube, ya ce zuciyarsa ta tsaya a asibiti, ya faɗa wani rami mai duhu da wari, ya kira sunan Yesu aka fizgo shi, tun daga ranar ya bar giya da neman mata. Jama'a su amsa da "Halleluya". Abu uku ne a ƙulle cikin irin wannan shaida: koyarwa game da Gidan Wuta, abin da mutumin ya ce ya gani, da canjin da ya ce ya samu. Mai shaidar yana miƙa su a dunƙule, kowanne hujja ga ɗan'uwansa. Malaman tauhidin Kirista, na da da na yanzu, yawancinsu ba sa karɓa a dunƙule, kuma a ganina suna da dalili.

Tunda kowa da Littafi Mai Tsarki yake kafa hujja, daga nan ya kamata a ɗauko zancen. Mai neman wuta da azaba a Tsohon Alkawari zai daɗe yana buɗe shafi. A yawancinsa matattu, nagari da mugaye, wuri guda suke zuwa, wanda Ibraniyawa ke kira Sheol: ƙarƙashin ƙasa, duhu, shiru, ba aiki ba yabo. Yakubu ma, da aka kawo masa rigar Yusufu jina-jina, can ya ce zai gangara wurin ɗansa yana makoki. A wurare kaɗan ne ake jin wani abu dabam. Ayar ƙarshe ta littafin Ishaya ta ambaci gawawwakin 'yan tawaye, waɗanda tsutsarsu ba ta mutuwa, wutarsu ba ta kasuwa. Daniyel 12:2 kuma ya ce masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka, wasu ga rai madawwami, wasu ga madawwamiyar kunya.

A Sabon Alkawari babu wanda ya kai Yesu kansa yawan maganar Gidan Wuta, abin da kan ba masu ɗaukarsa mai lallashi kawai mamaki. Sunan da ya fi amfani da shi na wani kwari ne da har gobe yake kudu maso yammacin tsohon birnin Urushalima, Kwarin Hinnom. A can sarakuna Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya, sarki Yosiya ya zo ya ƙazantar da wurin don kada a sake, annabi Irmiya kuma ya ce wata rana za a kira shi Kwarin Kisa. Kafin zamanin Yesu Yahudawa sun riga sun mai da sunan alamar hukuncin ƙarshe. Sau 12 ya fito a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu. Masu wa'azi suna son su ce juji ne da wuta ke ci dare da rana, amma wannan bayani sai wajen shekara ta 1200 ya ɓullo daga wani malamin Yahudawa, David Kimhi, kuma masu haƙa ƙasa ba su samo shaidarsa ba.

Siffofin da Yesu ya bayar ba su hau layi ɗaya ba. Wani wuri wuta ce marar kasuwa, wani wuri duhu ne na can waje, da kuka da cizon haƙora, wani wuri ƙofar gidan biki ce aka rufe. Wuta da duhu ba sa zama ɗaki ɗaya, shi ya sa har John Calvin, jigon Furotesta na ƙarni na 16 wanda ba a san shi da sassauci ba, ya ɗauki wutar a matsayin misali na abin da harshe ba zai iya faɗa ba. Manzo Bulus bai taɓa ambaton kwarin ba, shi maganar mutuwa da hallaka da fushin Allah yake yi. A Matiyu 25 kuwa, inda aka ware tumaki da awaki, tambayar da aka yi wa waɗanda aka kora ita ce ko sun ciyar da mai yunwa, sun sauki baƙo, sun tufatar da matsiraici, sun gai da marar lafiya da ɗan kurkuku.

Daga waɗannan ayoyi Kiristoci suka rabu gida uku, kuma rabuwar tsohuwa ce.

Gidan da ya fi yawa ya ce azaba ce ta har abada, mai shan ta yana sane. Wanda ya kafa masa ginshiƙi a Yammaci shi ne Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430. Hujjarsa mai sauƙi ce: a Matiyu 25:46 an ce rai madawwami, an ce hukunci madawwami, a numfashi ɗaya. In na biyun yana ƙarewa, na farkon ma haka. Da aka ce masa jiki ba zai yi ta ci da wuta bai cinye ba, sai ya nuna duwatsun Sisili da suka daɗe suna aman wuta suna nan daram. Amma shi kansa ya yarda cewa a zamaninsa Kiristoci da yawa, waɗanda yake kira masu taushin zuciya, ba su gaskata azabar ba ta ƙarewa ba. Wannan gida ne ya haifi wa'azin Jonathan Edwards na 8 ga Yuli 1741 a Enfield, a Amurka, inda ya kwatanta mai zunubi da gizo-gizo da aka riƙe a kan wuta, jama'a suka yi ta kururuwa har aka daina jin muryarsa. A yau ma cikin gidan harshe ya canza. Katekizim, wato littafin koyarwa na Katolika, na 1992 ya ce Gidan Wuta gaskiya ne kuma madawwami, amma ya fassara shi da cewa mutum ne ya ware kansa daga tarayya da Allah bisa zaɓinsa, babbar azabar ita ce rabuwar, kuma Allah bai ƙaddara wa kowa zuwa can ba. A Yuli 1999 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce a fahimce shi a matsayin hali fiye da wuri. 'Yan Otodoks na Gabas suna da tasu tsohuwar fassara daga Ishaku na Nineba, ɗan zuhudu na ƙarni na bakwai, wanda ya ce da bulalar ƙauna ake dukan mutanen wuta. Wato ƙaunar Allah ɗaya ce, mai son ta ya ji daɗinta, wanda ya ƙi ta ta ƙone shi.

Gida na biyu ya ce wutar tana cinyewa, mugu ya sha hukuncinsa daidai laifinsa ya gushe kwata-kwata. Suna karanta Romawa 6:23, cewa sakamakon zunubi mutuwa ne, da Matiyu 10:28, cewa Allah yana iya hallaka rai da jiki duka, su ce a bar mutuwa ta zama mutuwa. A wajensu zancen cewa ran kowane mutum ba ya mutuwa daga falsafar Girka ya shigo, don Bulus ya ce Allah kaɗai ne marar mutuwa. An daɗe ana ganin wannan ra'ayi na 'yan Adbentis ne da Shaidun Jehobah, sai a 1988 John Stott, ɗaya daga cikin manyan masu bishara na Ingila, ya fito ya ce hankalinsa ya karkata can, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 1995 hukumar koyarwa ta Cocin Ingila ta fitar da rahoton da ya ce ƙarshen wanda ya ƙi Allah shi ne rashin kasancewa baki ɗaya.

Gida na uku ya ce wutar ta gyara ce, daga ƙarshe kowa zai komo. Origen na Iskandariya ya koyar da haka a ƙarni na uku, aka la'anci koyarwar a ƙarni na shida zamanin sarki Justiniyan, amma Gregori na Nisa, wanda ya faɗi abu makamancin haka, har yau waliyyi ne a Gabas da Yamma. Ayoyinsu su ne irin 1 Timoti 2:4, cewa Allah yana so kowa ya sami ceto, da Kolosiyawa 1:20, cewa za a sulhunta dukan abubuwa. Faɗin haka a fili yana da tsada. Carlton Pearson, bishof ɗan Fentikostal a Tulsa, ya fara wa'azinsa, majami'arsa mai dubban mabiya ta watse, a 2004 kuma wata majalisar bishof-bishof ta ayyana shi mai karkatacciyar koyarwa. Kowane gida cikin ukun yana da ayoyin da yake riƙewa da hannu biyu, da waɗanda in an kawo su sai ya yi dogon bayani. Furgatori na Katolika kuwa ba ya cikin wannan gardama, don a koyarwarsu waɗanda ke can cetattu ne da ake tsarkakewa, Furotesta kuma sun ƙi shi tun ƙarni na 16.

To daga ina aka samo ƙugiyoyi da sarƙoƙi da aljanu masu azabtarwa, da ɗaki-ɗaki na masu laifi iri-iri? Yawancinsu ba daga Littafi Mai Tsarki ba. A cikinsa Iblis ma ɗan fursuna ne da za a jefa tafkin wuta, ba a naɗa shi sarkin gidan ba. Ɗaki-ɗakin sun fara ne da wani littafi na ƙarni na biyu da aka jingina wa manzo Bitrus, inda aka rataye masu saɓo ta harshe, masu cin riba kuma suka nutse cikin ƙazanta. Wasu ikkilisiyoyi sun karanta shi na ɗan lokaci, amma bai shiga jerin littattafai masu tsarki ba. Daga nan aka yi ta samun masu zuwa su dawo. Bede, ɗan zuhudun Ingila da ya gama tarihinsa a 731, ya ba da labarin wani magidanci, Dryhthelm, da ya mutu da dare ya tashi da asuba, ya ce ya ga kwari mai wuta gefe ɗaya, ƙanƙara ɗaya gefen. Ya raba dukiyarsa uku, ga matarsa da 'ya'yansa da matalauta, ya shiga gidan zuhudu a Melrose. Dante na Italiya, wanda ya rasu a 1321, ya tattara wannan gado ya tsara shi hawa tara a waƙe, masu zane suka ɗauka suka cika bangon majami'u. Teresa ta Abila a Sifen ta ce nata wurin da aka nuna mata lungu ne matsattse mai taɓo da wari, da wani ɗan gurbi a bango da aka cusa ta ciki. Yara uku na garin Fatima a Fotugal, a 13 ga Yuli 1917, tekun wuta suka ce sun gani.

Abin da ya canza a zamaninmu shi ne asibiti. Da likitoci suka iya farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, masu dawowa da labari suka yawaita. A 1975 wani Ba'amurke, Raymond Moody, ya tattara irin waɗannan labarai, kusan duka masu daɗi: rami mai haske a ƙarshensa, salama, dangi da suka rasu suna tarya. Bayan shekara uku wani likitan zuciya a Tennessee, Maurice Rawlings, ya ce ba haka kawai ba ne. Ya ba da labarin wani majiyyaci da ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin gwaji, duk sanda aka farfaɗo da shi sai ya yi ihu cewa yana cikin wuta, kada a daina danna masa ƙirji. Rawlings ya yi da'awar cewa masu ganin abin tsoro suna da yawa, mantawa suke yi ko su ɓoye. Sauran masu bincike sun soki yadda ya tattara bayanansa, amma sun yarda abin yana faruwa. A 1992 Bruce Greyson da Nancy Evans Bush suka nazarci labarai 50 masu firgitarwa, suka ga iri uku ne. Akwai wanda ya ga ramin da hasken da wasu ke jin daɗinsu, shi kuwa suka razana shi. Akwai wanda ya tsinci kansa shi kaɗai cikin sarari marar iyaka, ba kowa ba komai. Sai iri na uku, mafi ƙaranci, mai halittu masu muni da kururuwa. A Holan kuma, binciken Pim van Lommel na 2001 ya bi mutum 344 da aka farfaɗo da su bayan tsayawar zuciya, 62 ne kawai suka ce sun ga wani abu. Sauran ba su tuna komai ba.

Cikin iri na uku labarin Howard Storm ya fi shahara. Malamin zane ne a wata jami'a a Kentucky, bai yarda da Allah ba. A 1985 yana Faris da ɗalibansa hanjinsa ya huje, ya kwanta sa'o'i yana jiran likitan tiyata. Ya ce ya ga kansa tsaye gefen gadonsa, wasu suna kiran sunansa daga baranda, ya bi su cikin hazo, tun suna masa fara'a har suka koma zagi da yagar namansa. Da ya so yin addu'a ya tarar ya manta yadda ake yi, sai ya riƙa haɗa guntayen Zabura ta 23 da Addu'ar Ubangiji da layukan kishin ƙasar Amurka da ya haddace yana yaro. Daga baya ya kira Yesu, haske ya zo ya ɗauke shi. Ya warke, ya ajiye aikin jami'a, ya shiga makarantar tauhidi, ya zama fasto.

Ba ni da dalilin cewa mutumin ƙarya yake yi, rayuwarsa ta juya da gaske. Amma a duba abin da ya fito daga bakinsa a cikin duhun: abin da aka zuba masa tun yana ƙarami. A 1986 Satwant Pasricha da Ian Stevenson suka wallafa labarai 16 daga Indiya. Mutanen can ba su cika ganin rami da haske ba. 'Yan aiken Yama, sarkin matattu a addinin Hindu, su ne ke zuwa su tafi da mutum gaban mai riƙe da littafi, a duba a ce an yi kuskure, wani mai irin sunansa ake nema, a mayar da shi. Labarin Istifanus maƙeri ke nan sak, a wata nahiya da wani addini. Kamar mai ɗinkin faci ne, da ƙyallayen da ke gidansa yake ɗinki. Likitoci suna da nasu bayanai: ƙarancin iskar oksijin a ƙwaƙwalwa, magunguna irin su ketamin da ke sa mutum ya ji ya fita daga jikinsa, gigitar da ke kama marasa lafiya a ɗakin kulawa ta musamman, da dannau ga waɗanda abin ya same su a kan gadonsu da dare. A 2002 Olaf Blanke a Suwizalan ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar wata majiyyaciya da ɗan lantarki, ta ce tana ganin kanta daga sama. Babu ɗaya cikin bayanan nan da ya rufe bakin kowa, mai bi kuma yana iya cewa Allah yana magana ta ƙwaƙwalwar da ya halitta, da harshen da mutum ya sani. Wannan amsa ce mai ma'ana, sai dai wanda ya ba da ita ya riga ya yarda cewa abin da aka gani saƙo ne ga mai gani, ba taswirar lahira ba.

Ikkilisiya ta daɗe da sanin haka. A Luka 16 mai arzikin da ke shan azaba ya roƙi Ibrahim ya aiki Li'azaru ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, yana cewa in wani ya je musu daga matattu za su tuba. Ibrahim ya ce suna da Musa da annabawa, in ba su saurare su ba, ko wani ya tashi daga matattu ba za su rinjayu ba. Wannan ita ce aya mafi nauyi a kan masu yawo da labarin wuta, kuma daga bakin Yesu ta fito. Ɗaya Li'azarun, na Betanya, ya kwana huɗu a kabari, Bisharar Yahaya ba ta rubuta ko kalma ɗaya da ya faɗa game da can ba. Bulus ya ce an ɗauke wani mutum, wanda kusan kowa ya yarda shi ne, zuwa sama ta uku, ya riƙe zancen shekara 14, da ya faɗa ma ya ce abin da ya ji ba a yarda mutum ya furta ba. Shi ya sa Katolika ke cewa wahayin da aka yi wa mutum shi kaɗai, ko da ikkilisiya ta amince da shi kamar na Fatima, ba ya cikin abin da ya wajaba a gaskata. A 2014 babban taron Baptis na Kudu (Southern Baptist) a ƙasar Amurka ya zartar da ƙudurin cewa Nassi ya wadatar game da lahira. Ba a cika shekara ba sai Alex Malarkey, wanda ya yi haɗarin mota yana ɗan shekara shida aka kuma buga littafi kan zuwansa sama, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a Janairu 2015 ya ce bai mutu ba, bai je ko'ina ba, ya faɗa ne don a kula shi. Kamfanin da ya buga littafin ya janye shi bayan an sayar da ɗimbin kwafi. Inda kuɗi ya shiga, gani ba ya korar ji.

Saura ƙulli na uku, canjin da mai shaida ya ce ya samu, wato zancen fansa, kuma nan ne labaran suka fi ruɗar mutane. A koyarwar Kirista ba tsoron wuta ke ceto ba, ba kuma gyaran hali ba. Mutuwar Almasihu da tashinsa su ne tushe, mutum ya karɓa ta wurin tuba da bangaskiya, kyauta, abin da suke kira alheri. Yadda gicciyen ke aiki ma an yi masa bayani fiye da ɗaya. Na farkon zamani sun ga yaƙi ne aka ci: a zanen Tashin Almasihu na Otodoks za ka gan shi tsaye kan karyayyun ƙofofin lahira, makullai da ƙusoshi a warwatse ƙarƙashinsa, ya kama Adamu da Hawwa'u ta tsintsiyar hannu yana jan su daga kabari. Ba su ne suka riƙe shi ba, shi ya riƙe su. Anselm na Kantabiri, a ƙarshen ƙarni na 11, ya ga bashi ne na girman Allah da mutum ba zai iya biya ba. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, wato Furotesta, suka ce hukunci ne wani ya ɗauka a madadin mai laifi. Sun yi ƙarnuka suna faɗa da Katolika kan matsayin ayyuka, har a 1999 a Augsburg Katolika da Lutheran suka sa hannu kan takardar cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, ayyuka nagari kuma daga baya suke biyowa.

Tsoro yana da gurbinsa, amma ƙarami. Majalisar Katolika ta Trent a 1551 ta bambanta nadama cikakkiya, wadda ƙaunar Allah ta haifa, da ta wanda tsoron hukunci ya koro, ta ce ta biyun ma baiwa ce, mafari ce. Ɗan nan na Luka 15 da ya cinye gadonsa, yunwa ce ta koro shi gida, uban bai tsaya bincike ba ya ruga ya rungume shi. Sai dai wasiƙar Yahaya ta fari ta ce cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro. Ma'aunin da Bishara ta bayar na tuba shi ne irin na Zakka mai karɓar haraji, wanda bai ga wuta ba bai ga haske ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu.

Wasu abokai biyu a garin Olney na Ingila sun nuna yadda abin ke da sarƙaƙiya. John Newton matuƙin jirgin ruwa ne, a Maris 1748 guguwa ta kusa nutsar da su a tekun Atilantika, ya roƙi jinƙai, ya kuma riƙa tuna ranar duk rayuwarsa a matsayin ranar da aka cece shi. In da a shaidar yau ne, nan labarin zai ƙare da tafi. Amma bayan guguwar ne ya zama kyaftin ɗin jirgin bayi, yana karanta Littafi Mai Tsarki a sama, mutane a ɗaure da sarƙa a ƙasa, har 1754 da ciwo ya sauke shi. Ya zama limamin coci a 1764, sai a 1788, shekara 40 bayan guguwar, ya fito a rubuce ya la'anci cinikin. Shi da kansa ya ce bai zama mai bi na sosai ba sai da aka daɗe. Abokinsa William Cowper, marubucin waƙoƙi, mutum ne mai ibada da ya sha fama da ciwon damuwa. A 1773 ya yi mafarkin da ya tabbatar masa an yanke masa hukuncin hallaka. Ya daina zuwa majami'a, ya yi yunƙurin kashe kansa. Newton ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa fiye da shekara, yana nuna masa cewa mafarki ba ya soke alkawarin Nassi, amma Cowper ya rasu a 1800 bai fita daga wannan tsoro ba.

Irin su Cowper ba su ƙare ba. Nancy Bush, wadda ita ma ta taɓa faɗawa cikin wancan sarari marar kowa lokacin da take haihuwa, ta lura masu ganin abin tsoro kashi uku suke bi daga baya. Wasu su ɗauke shi gargaɗi su rungumi addini, su ne ake gani a kan mumbari. Wasu su ce maganin barci ne, su wuce. Na ukun su yi shekaru suna tambayar me suka yi, da yawansu mutanen kirki ne, ba sa gaya wa kowa don kunya, ba kuma mai gayyatarsu ba da shaida. In irin wannan ya je wurin fada na Katolika, zai ji cewa ikkilisiyar da ta ayyana dubban waliyyai da sunansu ba ta taɓa ayyana mutum ɗaya da suna cewa yana wuta ba, har Yahuza Iskariyoti. Faston Baptis zai buɗe masa Romawa 8, inda aka ce babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu, ya kuma ce a gwada kowane ruhu da Nassi. Likita kuma zai tambaye shi kwana nawa ya yi a ɗakin kulawa ta musamman, wane magani aka ɗura masa, da ko yana samun barci.